Filin Tambaya da Amsa: Yaya Za a Gabatar wa 'Yan Sakandare da Mutanen Sin?

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karo daga malaman sakandare suka zo, kuma kusan duk a kan abu ɗaya suke. An ba su darasin sanin al'ummomin duniya, an iso kan ƙasar Sin, ga ƙasa mai faɗi, ga lokaci kaɗan. Mun zaɓi shida daga ciki, malaman tarihi da labarin ƙasa masu kula da wannan fili suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar gwamnati a Zariya. Ɗalibai 60 ne a ajina, 'yan aji huɗu na sakandare. An ware mini mako uku, darasi biyu a mako, kowanne minti 40, in gabatar musu da mutanen Sin. Ba mu da wuta balle majigi, allo da alli ne kawai. Daga ina zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allo da alli sun isa in an tsara aikin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a buɗe da jerin daulolin sarakuna, yara su kwafa su haddace, mako uku ya ƙare ba su san yadda Basine ɗaya yake kwana yake tashi ba. Ka fara da mutanen, sarakuna su biyo baya.

A minti biyar na farko ka raba 'yan guntayen takarda. Kowa ya rubuta abu uku da ke faɗo masa a rai in an ce mutanen Sin, kada ya sa sunansa. Ka tattara, ka ɗaure da roba, ka ajiye sai ranar ƙarshe. Kada ka karanta su a gaban aji a wannan rana, domin dariya za ta cinye maka darasin.

Sannan ka fitar da su fili ka ce musu yau su ne ƙasar Sin. Ƙidayar 2020 ta sami mutum biliyan 1 da miliyan 411, ka ga kowane ɗalibi cikin 60 yana tsaye ne a madadin mutum miliyan 23 da rabi, kusan yawan jama'ar Jamhuriyar Nijar gaba ɗaya a wancan lokaci. Ka zana babban murabba'i a ƙasa da toka, ka ratsa shi da layi daga kusurwar arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, ɓangaren yamma ya ɗan fi girma. Ɗalibai 56 su cunkusu a gabas, huɗu kacal su tsaya a yamma. Wannan layi da gaske yake: wani masanin labarin ƙasa mai suna Hu Huanyong ya zana shi a 1935, daga garin Heihe zuwa Tengchong, kuma har yau kusan kashi 94 cikin 100 na jama'a suna zaune ne a gabashinsa, a kan kashi 43 na ƙasar. Ka bar yaran su nemo dalili da kansu. Ɗan arewa bai jinkirin cewa ruwan sama, kuma ya yi daidai: yamma tudun Tibet ne mai tsananin sanyi da hamadar Taklamakan da Gobi, gabas kuwa nan ne damina take, nan kogin Huang He da Yangtze suka baje kwarinsu.

Ka sake raba su. Ɗalibai 55 ƙabilar Han ne, biyar ɗin da suka rage su ne ke wakiltar sauran ƙabilu 55 da gwamnati ta amince da su, irin su Zhuang da Uygur da Hui da Miao da Manchu da Tibet da Mongol. Rabo na uku shi ne ya fi girgiza yara: a 1978 ɗalibai 11 ne kawai za su tsaya a birni, 49 a ƙauye. Ka sa 27 su taka su ƙetara, don a 2020 mutanen birni sun kai 38. Cikin rayuwar mutum ɗaya aka yi wannan ƙaura.

Abin da yakan lalace a nan shi ne turereniya, musamman in maza da mata a haɗe suke. In haka ajinka yake, ka yi amfani da murafun kwalba 60 a kan tebur, ɗalibai biyu su riƙa matsar da su. In an koma aji, ka ƙara layi ɗaya a taswirar allo, daga yamma zuwa gabas, wanda ya bi duwatsun Qinling da kogin Huai. Arewa da shi alkama ake nomawa da wani irin gero mai ƙananan ƙwaya, ana cin taliya da burodin da aka turara. Kudu da shi shinkafa ce. Yaron da ya san bambancin ƙasar tuwon dawa da ƙasar sakwara ba ya buƙatar dogon bayani.

Sauran darussa biyar ka raba su haka: na biyu harshe da sunaye, na uku da na huɗu tarihi, na biyar iyali da makaranta da addini, na shida abin da ke tsakaninmu da su. Amsoshin da ke ƙasa sun taɓa kowanne.

Tambaya: Ni malama ce a Katsina. Sunayen nan na Sin sun gagare ni furtawa, da na fara sai yara su ɗauki kwaikwayo suna "cin can con" suna dariya. Ko in tsallake batun harshe ne?

Amsa: Kada ki tsallake, Malama. A nan ne ma Bahaushe ya fi Bature sa'a. Rubutun boko da kike gani a sunayen Sin ana ce masa pinyin, an tsayar da shi a 1958, kuma haruffa huɗu ne ke kayar da mai karatu. Harafin q yana kusa da c namu, don haka Qin ki ce Cin. Harafin x yana kusa da sh, Xi'an ki ce Shi-an. Haɗin zh yana kusa da j, Zhang ki ce Jang. Harafin c kuma yana kusa da ts amma ba a matse maƙogwaro, Cai Lun ki ce Tsai Lun. Ki rubuta waɗannan huɗu a kusurwar allo, kada a goge har mako ukun ya cika.

Game da dariya, maganinta shi ne ki nuna musu harshensu ma haka yake. Ki rubuta "baba" a allo, ki sa ɗalibi ya furta shi da ma'anar mahaifi, wani da ma'anar baba mace, wani da ma'anar baban rini. Ki rubuta "kuka", a bambanta na bishiya da na hawaye. Haruffa ɗaya ne, hawa da saukar murya ne ke raba ma'ana. Sinanci na daidaito, wanda suke kira Putonghua, yana da karin sauti huɗu. "Ma" da murya a sama a miƙe uwa ce. In murya ta hau, wata irin rama ce da ake igiya da ita. In ta nutse ta taso, doki ne. In ta faɗo da ƙarfi, zagi ne. Ki riƙa zana kowanne da hannu a iska suna bi. Da zarar yaro ya gane kunnensa na kama abin da ke wahalar da wasu, kwaikwayon raini yakan koma gasar wa ya fi iyawa.

Akwai wata dabara da muke so ƙwarai don tana buɗe taswira. Ki koya musu kalmomi bakwai: bei arewa, nan kudu, dong gabas, xi yamma, shan dutse, he kogi, hu tabki. Sai ki nuna larduna su fassara da kansu. Hebei arewa da kogi, Henan kudu da kogi, Shandong gabas da dutse, Shanxi yamma da dutse, Hubei da Hunan arewa da kudu da tabki. Ki ƙara jing, wato babban birni, su gano Beijing da Nanjing. Minti goma ya isa.

A rubutu, alamu kaɗan za ki zana: 人 mutum, 口 baki, 山 dutse, 木 itace. Itace biyu, 林, kurmi ne. Rana 日 da wata 月 in sun haɗu, 明, haske ne. Sai dai a kula, kada yara su tafi da zaton duk rubutun hotuna ne. Mafi yawan alamun haɗi ne na ɓangaren da ke nuna ma'ana da ɓangaren da ke nuna sauti. Alamar uwa, 妈, ta ƙunshi mace a hagu, doki a dama, kuma dokin yana nan ne kawai don furucinsa "ma". Jerin alamun da ake amfani da su yau da kullum ya ƙunshi 3,500.

Ki gaya musu kuma ba baki ɗaya ake yi a duk ƙasar ba. Mai harshen Kanton daga Guangzhou ko Hong Kong da mutumin Beijing, in kowa ya yi nasa, ba za su ji juna ba, makaranta da rubutu ne ke haɗa su. Sunan dangi ne ke zuwa farko: a Xi Jinping, Xi ne sunan gidan. Mace ba ta sauya nata in ta yi aure. Laƙabi kuma a baya yake zuwa, Malam Wang shi ne Wang laoshi. A ƙirga, 20 er shi ne, wato biyu goma, daidai da "gomiya biyu" da kakanninmu suke faɗa kafin "ashirin" ta Larabci ta zauna.

Tambaya: Ranku ya daɗe. Tarihin shekara fiye da 3,000 ne, ni kuma darasi biyu gare ni. Me zan ɗauka, me zan bari? Daga wani malami a Gusau.

Amsa: Malam, ka nemi igiya mai tsawon mita 3 da santimita 30, da matsen shanya 20, da kwali da za ka yanka kati-kati. Santimita ɗaya shekara goma ce. Bakin igiyar shi ne wajen shekara ta 1250 kafin Miladiyya, zamanin daular Shang, lokacin rubutun Sinanci mafi daɗewa da aka tono a Anyang, an karce shi a ƙasusuwan shanu da ƙoƙon kunkuru. Katunan Sin su rataya a sama, katunan tarihin da yaran suka sani a ƙasa. Katunan ƙasan nan su ne ginshiƙin aikin, don shekara ba ta zama a kan yaro sai ya jingina ta da abin da ya riga ya sani.

A santimita 70 ka sa haihuwar Confucius, 551 kafin Miladiyya, malamin da koyarwarsa kan biyayya ga iyaye da girmama malami da ladabi ta rayu har yau. A 103 ka sa sarkin Qin da ya haɗe ƙasar a 221 kafin Miladiyya, ya daidaita rubutu da kuɗi da ma'auni. Manoma masu haƙa rijiya ne suka ci karo da dubban sojojinsa na yumɓu kusa da Xi'an a 1974. A santimita 135 ka sa Cai Lun, wanda ake danganta ƙirƙirar takarda da shi, shekara ta 105, zamanin daular Han wadda ƙabila mafi yawa ta ɗauki sunanta. A santimita 187 ka sa daular Tang da ta kafu a 618, ƙarƙashinta ka rataya Hijira, 622. Daular Song, 960 zuwa 1279, ita ce ta kuɗin takarda da allurar nuna alƙibla a jiragen ruwa da ɗab'i da haruffa masu motsi. A zamaninta aka fara ginin ganuwar Kano.

Wajen santimita 260 akwai mutumin da zai haɗa maka katunan sama da na ƙasa. Ibn Baɗɗuɗa ya ba da labarin isarsa tashar Quanzhou, wadda Larabawa ke kira Zaitun, wajen 1345, lokacin Mongol na mulki. Bayan 'yan shekaru, a 1352 da 1353, yana Mali, har ya bi ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau. Kusa da shi ka sa Zheng He, Musulmi ɗan lardin Yunnan, wanda ya jagoranci tafiye-tafiyen teku bakwai tsakanin 1405 da 1433, jiragensa suka kai Mogadishu da Malindi. Daular Ming ke nan, 1368 zuwa 1644, wadda ta gina mafi yawan Babbar Ganuwar da ake gani a hotuna, kuma a cikinta Muhammadu Rumfa ya yi sarautar Kano. Jihadin 1804 ya faɗo a zamanin daular Qing, ta ƙarshe.

Ga inda abin ke cushewa: shekara 200 na ƙarshe za su matsu a santimita 20, katuna su hau kan juna. Don haka darasi na huɗu igiya dabam yake so, mita biyu, santimita ɗaya shekara ɗaya, daga 1830 zuwa yau. A kanta ka sa yaƙin da Ingila ta yi da Sin daga 1839 zuwa 1842 don tilasta cinikin ƙwayar ofiyom, wanda ya ba Ingila Hong Kong. Faɗuwar sarauta a 1912. Mamayar Japan daga 1937 zuwa 1945. Kafa Jamhuriyar Jama'a ranar 1 ga Oktoba 1949 ƙarƙashin Mao Zedong. Sauyin tattalin arziki na Deng Xiaoping daga 1978. Da komawar Hong Kong a 1997. Wanda bai san wulaƙancin ƙarni na 19 ba, ba zai fahimci yadda Sinawa ke kallon Turai ba, kuma jikokin waɗanda suka ga faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903 sun san wannan ciwo.

Kada ka ɓoye katuna masu ɗaci. Shirin Mao na gaggawar haɓaka masana'antu daga 1958 ya jawo yunwar da ta kashe mutane miliyoyi gommai kafin 1962. Juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 ya rufe makarantu, ya sa ɗalibai suka wulaƙanta malamansu. A watan Yunin 1989 sojoji sun buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a Beijing. Kakannin Sinawan da yara ke gani a kasuwa su ne suka rayu cikin waɗannan shekaru.

Abu ɗaya ka gyara in ya taso: ba a hango Babbar Ganuwa daga duniyar wata. Ɗan sama-jannatin Sin na farko, Yang Liwei, da ya dawo a 2003, ya ce ko daga kewayen duniya bai gan ta ba.

Tambaya: Allah ya gafarta malamai. Ɗalibaina sun ce Sinawa ba su da addini. Wani kuma ya kawo hadisin neman ilimi ko da a birnin Sin, wata ta tambaye ni ko gaskiya ne ana tsare Musulmi a can. Ta yaya zan amsa ban yi ƙarya ba, ban kuma tayar da ƙura ba? Malami daga Azare.

Amsa: Malam, ka raba maganar uku. Na farko, jam'iyyar da ke mulki ba ta yarda da addini ga 'ya'yanta ba, kuma mafi yawan jama'a ba sa cewa su mabiya wani addini ne. Amma gidaje da yawa suna girmama magabata, suna share kaburbura a bikin Qingming a farkon Afrilu, suna zuwa haikalin Buddha ko na Dao. Hukuma ta amince da addinai biyar: Buddha, Dao, Musulunci, Katolika da Furotestan, duk ƙarƙashin sa idonta.

Na biyu, Musulunci tsoho ne a can. 'Yan kasuwar Larabawa da Farisa sun kai shi ta teku da ta hanyar siliki, wato hanyar fatake ta tudu, tun zamanin Tang. Ƙabilu goma ne mafi yawansu Musulmi, jimillarsu ta haura miliyan 20. Manya biyu su ne Hui, masu magana da Sinanci, warwatse a duk ƙasa amma sun fi yawa a Ningxia da Gansu, da Uygur na Xinjiang, masu harshe ɗan'uwan Turkanci da ake rubutawa da haruffan Larabci. Kowace ƙabila a cikinsu ta wuce miliyan 11. In ka sami hoton babban masallacin Xi'an ka nuna, ka tambaye su wane gini ne. Rufinsa da farfajiyarsa irin na haikalin Sin ne, sai an duba ake ganin ayoyi a bango. Ka gaya musu Hui suna da nasu ajamin, xiao'erjing, Sinanci da haruffan Larabci, kuma gidan abincin halal ana gane shi da alamar 清真, qingzhen.

Game da hadisin, ya shahara a bakin jama'a, amma malaman hadisi da dama sun raunana shi, har Ibnul Jauzi ya sa shi cikin ƙagaggu. Ka faɗi haka a taƙaice, ka bar tattaunawar ga malamin addini na makarantarku. Haka labarin cewa Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne ya gina masallacin Huaisheng a Guangzhou kuma kabarinsa na can: Musulmin Sin na riƙe da shi, amma littattafan tarihin Musulunci sun ce a Baƙi'a ta Madina aka binne shi.

Na uku shi ne mai nauyi, kuma yarinyar ta cancanci amsa. Daga wajen 2017 an tsare 'yan Uygur da wasu Musulmi masu yawan gaske a wasu cibiyoyi a Xinjiang. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto ranar 31 ga Agustan 2022, ya ce an tafka munanan take haƙƙi da ka iya kai wa ga laifin cin zarafin bil'adama. Gwamnatin Sin ta ƙi rahoton, ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne na yaƙi da ta'addanci kuma an rufe su. Ka rubuta maganganun biyu a allo, kowacce da mai ita da shekararta. Sannan ka ja layi tsakanin gwamnati da jama'a, ka tambaye su ko za su yarda a tuhumi ɗan Najeriya mai sayar da kaya a Guangzhou kan abin da hukumomin ƙasarsa suka aikata.

Tambaya: Ni uba ne, ɗana ya dawo gida yana cewa 'yan China karnuka suke ci, kayansu duk jabu ne. A makaranta ya ji. Me ya kamata malami ya yi da irin wannan?

Amsa: Alhaji, gara a fuskanci maganar da a tsawata a wuce, domin abin da aka hana faɗa a aji yana komawa bayan aji ya yi ƙarfi. Ana cin kare a wasu yankuna, wannan gaskiya ne, amma 'yan tsiraru ne, kuma Sinawa da yawa na ƙyamar abin. A 2020 biranen Shenzhen da Zhuhai sun haramta shi, ma'aikatar gona kuma ta cire kare daga jerin dabbobin kiwo don nama. Naman da aka fi ci shi ne alade, sai kaza da kifi, Musulminsu kuwa rago da sa.

Batun jabu, masana'anta na yin kaya ne daidai kuɗin da mai saro ya bayar. Ƙasar da ake haɗa iPhone a birnin Zhengzhou ita ce ke yin cajar da ke ƙonewa cikin mako ɗaya. Tecno da Itel da Infinix duk na kamfani ɗaya ne da ke Shenzhen. Kokawar masaƙa da marina da 'yan Kantin Kwari kan atamfa mai araha ma gaskiya ce, a faɗe ta tare da rashin wuta da fasa-ƙwauri da suka durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano. A faɗi kuma cewa a Afrilun 2020, lokacin korona, an kori 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou. Raini yana tafiya ta ɓangarorin biyu, yaro ya san haka.

Aikin gida da ya fi tasiri shi ne a ce kowane ɗalibi ya nemo abu uku a gidansu masu asali da Sin, banda waya da babur. Awara na ciki: waken suya a Sin aka fara noma shi, kuma su suka daɗe suna daskarar da madararsa su yi abin da suke kira doufu. Shayi na ciki, kalmar ma daga "cha" ta biyo ta Larabci ta iso mana, kuma koren ganyen da ake dafawa a ƙaramar buta a Agadas da Damagaram daga Sin ake kawo shi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibiti yau ya samo tushe daga sinadarin da Tu Youyou da abokan aikinta suka tace a farkon shekarun 1970 daga wani ganye dangin tazargade, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Riɗin da ake nomawa a Jigawa da Maraɗi kuma can yake tafiya da yawa.

Sai a nuna musu tsaransu. Karatun shekara tara wajibi ne tun dokar 1986. Jarrabawar shiga jami'a, gaokao, ana farawa ranar 7 ga Yuni, kuma a 2024 fiye da miliyan 13 suka yi rajista. Dokar ɗa ɗaya da ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015 ta sa miliyoyin yaran birni sun taso ba wa ba ƙani, nauyin iyaye biyu da kakanni huɗu a kansu. Ma'aikata kusan miliyan 300 'yan ci-rani ne daga karkara, da yawa sun bar 'ya'ya wurin kakanni, sai bikin sabuwar shekara, tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, suke cika jiragen ƙasa su koma gida, a ci abinci tare, a ba yara kuɗi a jan ambulan kamar goron Sallah.

Tambaya: Ina so in gayyato wani Basine da ke aiki a garinmu ya yi wa ɗalibai magana. Ya dace? Kuma da me zan auna su a ƙarshe? Malama daga Kaduna.

Amsa: Ya dace, Malama, da izinin shugaban makaranta, kuma a darasi na shida, bayan yara sun sami abin tambaya. Ki tattara tambayoyinsu a rubuce kwana biyu kafin ranar, ki zaɓi goma, ki aika masa. Su tsaya kan garinsu, abincinsu, makarantarsa, iyayensa. Kada a tsare shi da batun Xinjiang ko Taiwan. Baƙo ne, kuma magana kan siyasa na iya jawo masa matsala a gida ko wurin aiki. Minti 20 ya isa, a tanadi mai fassara in Turancinsa bai fita sosai.

In bai samu ba, waya da ƙaramar sifika sun wadatar. Sashen Hausa na Gidan Rediyon Ƙasar Sin yana watsa shirye-shirye tun 1963, kuma ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing. Ki sa musu minti uku na Basine ko Basiniya na zuba Hausa, ki gaya musu rediyon gwamnati ne don su san da wane kunne za su saurara. Ki ƙara da shekaru biyu a allo: 1971, da Najeriya da Sin suka ƙulla hulɗar jakadanci, da 2016, da aka buɗe layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da kamfanin Sin ya gina, tunda a garinku yake tsayawa.

Awon kuma ki yi shi da takardun ranar farko, waɗanda aka ambata a amsar Malamin Zariya. Ki cakuɗa su, ki raba, kowa ya sami ta wani. Ya zaɓi magana ɗaya daga ukun, ya rubuta rabin shafi: gaskiya ce, ƙarya ce, ko gaskiya ce ga wasu kawai, kuma su wane ne, a wane yanki, a wane zamani. Maki goma: huɗu ga hujja mai suna ko shekara ko adadi, uku ga bambanta yanki ko ƙabila ko zamani, uku ga tsabtar bayani. Duk jimlar da ta fara da "dukkan Sinawa" ki ja mata layi, ki mayar wa mai ita ya sake rubutawa kafin ki ba da maki.